Horon Tattara Hankali ga Manajoji da Shugabannin Ma'aikatu

Horon tattara hankali wani atisaye ne da mutum ke koyon ajiye hankalinsa a kan abin da ke faruwa yanzu, a jikinsa da zuciyarsa da inda yake zaune, ba tare da ya yi gaggawar cewa wannan mai kyau ne ko marar kyau ba. Turawa na ce masa mindfulness. Daga tsakiyar shekarun 2000 manyan kamfanoni a Amurka da Turai suka fara koyar da shi ga manajoji da daraktoci, da fatan rage musu gajiyar tunani da gyara mu'amalarsu da na ƙasa da su.

Asali

Tushensa yana cikin koyarwar addinin Buddha ta tsohuwar Indiya. Sai dai irin wanda ake yi a ofisoshi a yau ya biyo ta asibiti ne. A shekarar 1979 Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyyar halittu, ya buɗe wani sashe a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts domin masu ciwon da ya ƙi jin magani. Ya cire lafuzzan addini, ya tsara kwas na mako 8 da aka sani da MBSR, wato rage matsin rai ta hanyar tattara hankali: zama ɗaya a mako na kimanin awa 2 da rabi, sannan atisayen minti 45 kullum a gida. Daga baya Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale suka gina wani tsarin a kansa domin masu ciwon damuwa da ke yawan dawo musu.

Wasu masana halayyar ɗan Adam Musulmi kan kwatanta shi da muraƙaba ko halartar zuciya a salla. Akwai kamanni ta fuskar nutsuwa, amma manufa ta bambanta, domin muraƙaba tunawa ce da cewa Allah yana ganin bawa, wannan kuwa an tsara shi ne ba tare da aƙida ba.

Shigarsa ofis

A kamfanin abinci na General Mills, wata babbar lauyar kamfanin, Janice Marturano, ta fara koyar da shugabanni a 2006. A 2007 wani injiniyan Google ɗan asalin Singafo, Chade-Meng Tan, ya ƙirƙiro kwas mai suna Search Inside Yourself, wanda ya haɗa tattara hankali da sanin halin zuciya. Mark Bertolini, tsohon shugaban kamfanin inshorar lafiya na Aetna, ya rungumi abin ne bayan karayar wuya da ya samu a wasan zamiyar ƙanƙara a 2004, daga baya ya buɗe wa ma'aikatansa azuzuwa. Kamfanin manhaja na SAP a Jamus ya bi sahu, kuma a 2015 wani rukunin 'yan majalisar dokokin Birtaniya ya fitar da rahoto yana ƙarfafa amfani da horon a asibitoci da makarantu da wuraren aiki da gidajen yari.

Yadda ake yin sa

Ginshiƙin atisayen numfashi ne. Mutum zai zauna a miƙe, ya sa hankalinsa a kan shigar iska da fitarta. Kafin ya ankara tunani ya tafi ga albashin da ba a biya ba ko taron gobe. Abin da ake so shi ne ya lura cewa ya tafi, ya dawo da shi ba tare da ya zargi kansa ba. Wannan dawowar ita ce aikin, ko da za a maimaita ta sau talatin a zama ɗaya. Akwai kuma bin sassan jiki da hankali daga yatsun ƙafa zuwa kai. A darasin farko na MBSR akan ba kowa ƙwayar zabibi guda ɗaya, ya duba tattarewar fatarta, ya shinshina, ya ɗora a harshe, ya tauna a hankali, har ya gane cewa yawancin abincinsa yana haɗiyewa ne bai san ɗanɗanonsa ba.

Manaja ba ya samun minti 45, shi ya sa ake gajarta masa: minti 3 tsakanin taro da taro, ko minti 1 na shiru kafin a buɗe zama. Inda amfanin yake fitowa fili shi ne lokacin ɓacin rai. A ce saƙo ya shigo daga wani na ƙasa da shi, cike da gatsali, kuma an tura wa kowa kwafi. Wanda ya horu zai ji muƙamuƙinsa ya ɗaure, ƙirjinsa ya ɗau zafi, yatsunsa har sun kai kan madannai. Ganin waɗannan alamun ne ke ba shi damar janye hannu, ya ja numfashi, ya bar amsar zuwa la'asar. Wannan ɗan jinkirin yana da nauyi ga shugaba fiye da kowa, domin kalmar da oga ya furta cikin fushi takan kwana a gidajen mutane da yawa.

Sauraro ma ana horar da shi. Ana haɗa mutum biyu, ɗaya ya yi magana na 'yan mintuna, ɗayan ya saurara bai katse ba, bai kuma shiga shirya amsa a ransa ba. Ga wanda ya saba shi ke faɗa a ji, wannan yakan fi zaman numfashi wuya.

Abin da bincike ya nuna

A 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard sun bibiyi mutum 2,250 ta wayoyinsu, suka gano cewa kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin, hankalinsu ba ya kan abin da suke yi. Wani nazari na 2014 da Madhav Goyal ya jagoranta ya tattara gwaje-gwaje 47, ya sami matsakaiciyar hujja cewa horon na rage fargaba da damuwa da raɗaɗi. A shekarar dai, Andrew Hafenbrack da abokan aikinsa sun nuna cewa zaman minti 15 na rage ɗabi'ar nacewa a kan aikin da ya riga ya lalace don kawai an kashe kuɗi a kansa, wadda cuta ce sananniya ga masu yanke shawara. Jochen Reb na Singafo kuma ya sami alaƙa tsakanin nutsuwar shugaba da jin daɗin ma'aikatansa, ko da yake alaƙa ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan ba.

Ba duka sakamakon ne ke faranta wa kamfanoni ba. A 2018 Hafenbrack da Kathleen Vohs sun gano cewa bayan gajeren zama, kuzarin mutane na kama aiki yana raguwa, duk da ingancin aikin bai faɗi ba. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta tattara bayanan mutanen da zaman ya tayar musu da firgici ko tsohon tabon zuciya, dalilin da ya sa bai kamata a tilasta wa kowa ba.

Suka

Suka mafi ƙarfi ta fito daga Ronald Purser, malamin harkokin gudanarwa a San Francisco, wanda ya yaɗa laƙabin McMindfulness, wato horon da aka mayar hajar sayarwa kamar abincin gaggawa na McDonald's. Hujjarsa ita ce kamfanoni na ɗora wa ma'aikaci alhakin gajiyar da tsarin aikin ne ya jawo. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta. Wanda aka ɗora wa aikin mutum uku, ana kiran wayarsa da tsakar dare, ba numfashi ne zai sauke masa kayan ba, kuma manajan da ya miƙa masa manhajar nutsuwa a madadin ƙarin ma'aikata ya zalunce shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana matsananciyar gajiyar aiki a matsayin abin da ke tasowa daga matsin wurin aiki da aka kasa shawo kansa. A 2024 William Fleming na Jami'ar Oxford ya nazarci bayanan ma'aikata 46,336 a ma'aikatu 233 na Birtaniya, bai ga waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shirye sun fi sauran samun sauƙi ba. Ya ba da shawarar a karkata ga gyara jadawalin aiki da yawan ma'aikata da salon shugabancin kansa.