Kiranye: sa hannu kaɗai ba ya dawo da ɗan majalisa gida

Da zarar ɗan majalisar jiha ya yi ɓatan dabo a mazaɓarsa, sai ka ga takarda tana zagaya majalisun hira: rubuta suna, rubuta lambar katin zaɓe, dangwala yatsa. Masu yawo da ita na cewa in an tara mutum dubu biyu ko uku, shi ke nan, kujera ta tafi. Wasu kuma na gudun takardar, wai wanda ya sa hannu za a soke masa kati. Babu ko ɗaya daga cikin biyun a doka.

Sashe na 110 na kundin tsarin mulkin 1999 shi ya tanadi kiranyen ɗan majalisar jiha. Na 69 kuma na sanatoci da 'yan majalisar wakilai ne. Sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takardar ƙorafi cewa sun daina amincewa da shi, a miƙa wa shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC. Hukumar ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90.

A nan gizo ke saƙar. Doka ba ta ce rabin waɗanda suka fito zaɓe ba, cewa ta yi masu rajista. A ce mazaɓa na da masu rajista 100,000, amma 30,000 ne suka fito ranar zaɓe, gwanin ya ci da 16,000. Kafin a taɓa shi sai an samo sa hannu sama da 50,000, alhali a cikin rajistar akwai waɗanda suka ƙaura, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ba a goge sunansu ba. Shiga da ƙuri'a 16,000, fita sai da 50,000. Ni dai ban ga adalci a wannan lissafi ba, ko da yake na san an tsaurara ne don kada duk wanda ya faɗi zaɓe ya wayi gari da takardar kiranye.

Jihar Kogi ta gwada har sau biyu a kan sanatoci. A 2018, da INEC ta fita tantance masu neman kiranyen Dino Melaye, kashi 5 da ɗoriya cikin 100 na masu rajista kawai aka tabbatar. A 2025 kuma takardar da aka kai kan Natasha Akpoti-Uduaghan ko matakin tantancewa ba ta kai ba, don sa hannun bai cika rabi ba.