Aikin ƙaramar hukuma bai tsaya ga rabon kayan agaji ba

An daɗe ana cewa ƙaramar hukuma ba ta da abin yi kan ambaliya ko gobara sai bala'in ya auku, ta zo ta raba barguna da abinci. Masu faɗin haka ba su da laifi, domin rabon ne ido ke gani.

Masana agajin gaggawa sun kasa aikin kashi 4: rigakafi, shiri, kai ɗauki da farfaɗowa. Biyun farko tun ana zaune lafiya ake yin su. A lokacin ne ake yashe magudanai, a hana gini a hanyar ruwa, a ware makarantun da za a tsugunar da jama'a, a san inda tsofaffi da naƙasassu suke, a yi atisaye da 'yan kwana-kwana da asibitoci don kowa ya san mai ba da umarni ranar. Sai abin ya fi ƙarfinta take neman taimako daga sama.

Ku tambayi kansilanku: akwai rubutaccen shiri? Ina matsugunin unguwarmu? Yaushe aka yi atisayen ƙarshe? In babu amsa, a ganina giɓi ne babba.

Don Allah a tura wa maƙwabta wannan bayani.