"Iska ce ta ture ni": abin da doka ta ce kan tuƙin moto cikin hadari da hazo

Duk wanda ya yi damina a Damagaram ya san yadda abin yake farawa. Gabas ta yi ja, iska ta kwaso rairayi da ledoji, masu rumfuna a kasuwar Dole su hau tattara kaya, sai kowane mai moto ya tuna da gida a lokaci guda. Ɗan kabu-kabu yana so ya sauke wanda ya ɗauko kafin ruwa ya sauko, magidanci yana tunanin shanya da awaki. Kowa ya ba ta wuta.

A irin wannan yammaci ne bara yaron maƙwabcinmu ya bugi wata dattijuwa mai sayar da gyaɗa tana tsallaka kwalta, ta karye a ƙafa. Da na je duba shi, gwiwarsa a ɗaure, abin da ya fara ce mini shi ne, "Kawu, wallahi ba ganganci na yi ba. Iska ce ta ture ni, ƙura ta rufe mini ido." Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Sai dai wannan magana, duk da gaskiyarta, ba ta sauke masa nauyi a gaban doka.

Dokar hanya ta Nijar ita ce mai lamba 2014-62 ta shekarar 2014. Ƙasarmu kuma tana cikin yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, wadda ƙasashen da suka shige ta suke daidaita dokokinsu da ita. Sashe na 13 na yarjejeniyar ya ce dole mai tuƙi ya mallaki abin hawansa a kowane hali, ya daidaita gudunsa da yanayin hanya, da yanayin sama, da kayan da ya ɗauko, yadda zai iya tsayawa cikin iyakar tazarar da idonsa yake gani. Ma'ana, lambar da ke jikin allon bakin hanya iyaka ce ta ranar da gari yake garau. Idan hazon hunturu ya sauka a hanyar Tanut ko ta Mirya, kana ganin mita ashirin kawai a gabanka, to gudun da ya halatta gare ka shi ne wanda za ka iya tsayawa cikin mita ashirin ɗin. A yi lissafi: moto mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya ga amalanken jaki, ƙafa ta taka burki, daƙiƙar ta wuce. Ragowar mita shida ba za su ishe ka ba ko a busasshiyar kwalta, balle ruwan farko da ya jiƙa ƙura da baƙin mai ya mayar da hanya kamar miyar kuɓewa.

Maganar fitila gajeriya ce. Ba dare kaɗai ake kunna ta ba. Duk lokacin da ruwa, ƙura ko hazo ya rage gani, kunna ta wajibi ne, ta gaba da jar ta baya. Ta bayan ce mutanenmu suka fi sakaci da ita, alhali ita ce direban babbar mota yake gani kafin ya iso kanka.

Inda maganar yaron nan ta fi rushewa shi ne wajen biyan diyya. Asirans na abin hawa a Nijar yana tafiya ne bisa kundin CIMA, tsarin da ƙasashen Afirka 14 suke aiki da shi, wanda aka rattaba wa hannu a Yawunde a 1992. Sashe na 200 ya wajabta asirans a kan duk abin hawa mai inji, moto ma tana ciki, don biyan ɓarnar da aka yi wa wasu. Sashe na 226 kuwa ya toshe ƙofar da kowa yake so ya bi: mai tuƙi ba zai kafa wa wanda ya ji wa rauni hujja da abin da ya fi ƙarfin mutum ba. Guguwa, ruwan sama, ƙurar da ta rufe ido, duk ba sa hana a biya dattijuwar nan. Sashe na 228 ya ƙara da cewa mai tafiya a ƙasa ko wanda aka goyo, ana biyansa raunin jikinsa ko da shi ma ya yi kuskure, sai fa in shi ya nemi cutar da kansa da gangan. Ko da a ce ta tsallaka ba ta duba ba, haƙƙinta yana nan.

Wasu za su ce ai wannan ya yi tsauri, ƙaddara ta riga fata. Ni dai ina ganin adalci ne. Ba mai gyaɗa ce ta zaɓi a yi gudu cikin ƙura ba, kuma ba ita ce ke riƙe da kan moto ba. Yarda da ƙaddara daban, biyan kuɗin ɗori daban.

Ga kuma abin da ƴan kabu-kabu da yawa ba su sani ba: wannan asirans na dole ba ya biyan raunin mai tuƙin kansa. Na wanda ka goyo ne da wanda ka buga. Idan kai kaɗai ka zame a laka ka faɗi, maganinka daga aljihunka zai fito. Idan kuma kun yi karo da wani abin hawa, sashe na 227 ya ce laifinka zai iya rage abin da za a biya ka ko ya soke shi ɗungurungum, kuma gudun da bai dace da yanayi ba laifi ne. Wanda ba shi da asirans sam, ko takardarsa ta mutu, shi da danginsa za su ɗauki nauyin, ban da tarar da ke jiransa. Raunata mutum ta hanyar sakaci kuma yana da nasa hukuncin a kotu, asirans ba ya ɗauke wannan.

Kaske, wato hular kwano, fa? Doka ta wajabta shi, ba ta ware ranar zafi ko ranar ruwa ba. Rawani da ƙyallen rufe hanci suna tare ƙura, ba sa tare kwalta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kasken da aka sa daidai yana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. A lura da kalmar "daidai": wanda aka ɗora ba a ɗaure igiyarsa ba, shi yake fara barin kai. Gilashinsa kuma in ya kakkarce, cikin ruwa sai ya zame maka hazo na biyu, gara a canza shi.

Wanda ya ga ya fi masa ya tsaya har ruwa ya ɗauke, ya yi dabara, amma ya sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, kada ya bar moto a kwanar hanya ko inda mai zuwa ba zai hango ta ba. Garinmu a kan dutse yake, ruwa ba ya nutsewa da wuri, sai ya bi tituna ya rufe ramuka da bakin magudana. Wurin da ka bi lafiya da safe ba lallai ne ka gane shi da la'asar ba.

Idan tsautsayi ya faru, doka ta ce a tsaya, a taimaki wanda ya ji ciwo, a sanar da hukuma: lamba 18 ta ƴan kwana-kwana ce, 17 ta ƴan sanda, a wajen gari kuma jandarma ne ke rubuta rahoton haɗari. Wannan rahoto shi kamfanin asirans yake dubawa, don haka kada dattawan unguwa su yi saurin cewa a sasanta a watse kafin a rubuta. Yaron maƙwabcinmu ya tsaya, shi ya taimaka aka kai ta likita. Takardar asirans ɗinsa ce ta mutu wata biyu kafin ranar, sai da mahaifinsa ya sayar da raguna biyu.