Kansar Kaposi ga mai cutar ƙanjamau: idan ba ta fito a fata ba

Mece ce kansar Kaposi?

Kansa ce da ke tasowa daga bangon ƙananan jijiyoyin jini. Likita Moritz Kaposi ne ya fara bayyana ta a 1872, sannan a 1994 aka gano ƙwayar da ke haddasa ta, HHV-8, wadda ta fi yaɗuwa ta yawu. Mutane da yawa na ɗauke da ƙwayar lafiya lau, sai garkuwar jiki ta karye, kamar yadda ƙanjamau ke karya ta, take samun dama. A fatarmu baƙa tabon yakan fito baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, galibi ba ƙaiƙayi ba zafi, shi ya sa ake raina shi.

To a ina take ɓuya?

A baki, musamman a ganɗa da dasashi, don haka a riƙa haska bakin majiyyaci da tocila a kowane zuwa asibiti. A farin ido takan yi kama da jinin da ya kwanta, amma makonni su wuce bai baje ba. A hanji takan zubar da jini a ɓoye har jinin mutum ya yi ƙasa. Wani kuma ƙafa ce kawai ko fuska ko al'aura za ta kumbura ta yi tauri. Yara sun fi zuwa da kumburin kaluluwa.

Ta huhu ta fi haɗari: tari, haki, wani lokaci majina da jini ko ruwa mai jini a ƙirji. Nan ake yawan kuskure, a ɗora mutum kan maganin tarin fuka watanni alhali gwajin tarin fuka na GeneXpert bai nuna komai ba, kuma ba ya samun sauƙi.

Manomi a Jazira ko Mai Wurno a ƙasar Sudan ƙafarsa ta kumbura da ƙulluwa, ba madura ba ce?

Tana iya zama, domin madura, wato cutar da ke shiga ƙafa daga ƙasa ta kumbura ta, ta yi yawa a yankin. Bambancin shi ne madura na buɗe ƙananan ramuka masu fitar da mugunya da ɗan tsaba-tsaba baƙi, fari ko ja, Kaposi kuwa ba ta fitar da tsaba. Ido kaɗai ba ya yanke hukunci. A yi gwajin ƙanjamau, a yanko ɗan nama kamar milimita 4 a duba a ɗakin gwaji. Akwai kuma wata cutar bakteriya mai kama da Kaposi sak, wadda doxycycline ke warkarwa.

Yaya ake magani?

Tushen magani shi ne shan ƙwayoyin maganin ƙanjamau kullum ba fashi, kuma sau da yawa su kaɗai ke sa ƙananan tabo su lafa. Idan ta taɓa huhu ko hanji, ko kumburin ya yi yawa, ana ƙara allurar kansa irin paclitaxel. A watanni 3 na farkon shan ƙwayoyin, Kaposi na iya ƙara tashi saboda garkuwa na farfaɗowa. A koma wurin likita, kada a daina sha. Wanda yaƙi ya raba da garinsa ya riƙe katin maganinsa ya nemi cibiya mafi kusa kafin ƙwayoyinsa su ƙare.

Me za a guje wa?

Sayen dexamethasone ko prednisolone a kemis don haki ko kumburi. Suna hura wutar Kaposi, ta huhu ma tana iya kisa cikin ɗan lokaci. Haka tsaga da ƙaho a kan ƙullun: jijiyoyin jini ne cunkushe a wurin, jini zai zuba, miki kuma ya ƙi warkewa.