Daga bairos zuwa bawonsa: dogon neman dan aiken kwayar halitta

Tun da aka gano cewa wasu cututtukan gado kwayar halitta daya tak ce ta lalace, masu bincike suka ce ai sai a kai lafiyayya ciki a huta. To wa zai kai? Nan ake yinta. Bairos dai sana'arsa kenan, ya kutsa cikin sel ya sauke kayansa, shi ya sa aka ce a cire masa dafi a dora masa sako.

A 1990 aka fara gwadawa a Amurka kan Ashanti DeSilva, 'yar shekara 4 mai raunin garkuwar jiki, ta samu sauki. Sai 1999 Jesse Gelsinger dan shekara 18 ya rasu kwana 4 bayan allurar adenobairos a Jami'ar Pennsylvania, garkuwar jikinsa ce ta harzuka ta rufe shi da fada, daga baya a wasu gwaje-gwajen a Faransa da Ingila kuma yara 5 cikin 20 suka kamu da kansar jini don bairos din da aka yi amfani da shi a can ya dasa sakon inda bai kamata ba. Jikin kowa ya yi sanyi.

Wani karamin bairos, AAV, ya dawo da harkar, da shi aka yi Luxturna, maganin wata makanta ta gado, a 2017 da Zolgensma na ciwon shanyewar tsokar jarirai a 2019, wanda a lokacin allura daya dala miliyan 2.1 ce, eh daya. Amma jakarsa karama ce, haruffan DNA kusan 4,700 kawai take ci, kuma sakonsa kan yi shekaru a jiki, da CRISPR, sinadarin gyara DNA, ya zo sai hakan ya zama matsala tunda almakashi ne, wa zai so ya yi ta yanka bayan an gama dinki?

Nan aka tuna da bawon bairos, wato kwanson kawai babu kwayar halittarsa ciki, ba ya iya hayayyafa. Ba sabon abu ba ne fa, rigakafin ciwon hanta na 1986 da Gardasil na kansar bakin mahaifa na 2006 duk irinsa ne, sai dai can fanko ake turawa. A 2022 dakin binciken David Liu a cibiyar Broad ta Amurka suka cusa sinadarin gyaran da kansa a ciki, ya shiga ya yi aiki ya narke cikin 'yan kwanaki, suka gyara kwayar Pcsk9 mai alaka da kitsen jini a hantar beraye, wasu makafin beraye ma suka samu dan gani.

Beraye fa nace. Ni dai abin da nake jira shi ne a iya aika bawon nan bargo kai tsaye, don maganin sikila Casgevy na 2023 sai an ciro sel an gyara a waje, an yi wa mutum kemo, kafin a mayar.