Tazarar taya: abin da bakanike ke nufi idan ya ce "ba wuri"

Duk wanda ya taɓa zama a bencin masu gyaran babura a garin Tawa na Nijar ya san wannan magana. Saurayi zai turo babur ɗinsa, ya ce wani abu na ƙara ta baya, ko kuma yana jin ƙaurin roba. Maigida zai duƙa, ya cusa yatsu tsakanin taya da ƙarfe, ya ɗago ya ce, "Ba wuri." Wani bakaniken zai ce taya na ci, wani ya ce tana guga, wanda ya ɗan taɓa lakwal kuma ya jefo kalmar Faransanci. Duk abu ɗaya suke nufi: tazarar taya ta ƙare.

Tazarar taya ita ce sararin da ke tsakanin robar taya da duk abin da ke kewaye da ita wanda ba ya juyawa tare da ita. A tayar baya maƙwabtan suna da yawa. A sama akwai murfin da ke tare laka, da ƙusoshin da suka riƙe shi, da wayoyin fitilar baya da ke bi ta ƙarƙashinsa. A hagu, ga mafi yawan ƙananan baburan da muke hawa, sarƙa ce da murfinta. A dama akwai sandar birki da salansa. Sai kuma ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ya rungumi tayar daga gaba, wanda ke sama da ƙasa tare da ita. Zan riƙa ce masa gwafa, don kamarsa ke nan.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne, suna ɗaukar wannan sarari kamar faɗin ƙofa, abin da za ka auna sau ɗaya ka huta. Ba haka yake ba. Tazarar da ka gani babur na tsaye a inuwa ba kowa a kansa, ba ita ce tazararka ba. Taka ita ce wadda ta rage bayan ka hau, ka ɗauki mutum, an ɗaura buhu, tayar kuma ta faɗa rami, amortisa, wato ƙarfen nan mai sifirin da ke shanye girgiza, ta nitse har ƙarshenta. Abin da ya saura a wannan ƙiftawar ido, shi ake kira tazara. Sauran duk na kallo ne.

Kamfanin da ya ƙera babur, ko Haojue ne ko Bajaj mai Boxer ko TVS, ya riga ya yi wannan lissafi kafin babur ya fito daga kwali. Shi ya sa sabon babur da ba a taɓa ba da wuya ya ci taya. Matsalar tana shigowa ne ranar da mai babur ya fara kwalliya.

Ƙanena ne ya koya mini wannan, ba da ransa ya so ba. Ya dawo daga cirani a Abijan da ɗan abin hannunsa, ya sayi babur mai ƙarfin 125, bai yi sati biyu ba ya ce tayar baya ta yi masa siririya kamar ƙafar zalɓe. Wadda ta zo da babur ɗin an rubuta mata 90/90-18. Ya cire ya sa 110/90-18. Daga nan ya ga abokansa sun saukar da bayan baburansu, shi ma ya sa aka canja masa amortisa da wasu gajeru masu jan sifirin. Gaskiya babur ya yi kyau, wannan ban hana masa ba.

Lambobin nan da ke gefen taya ba ado ba ne, kuma duk rigimar tana cikinsu. Lamba ta farko faɗin taya ce da milimita. Ta ƙarshe girman da'irar janti ne, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, daga wannan baki zuwa wancan ta tsakiya, da inci, inci 18 kuwa kusan milimita 457 ne. Ta tsakiya ce mai yaudara. Ba milimita ba ce, kaso ne cikin ɗari na faɗin tayar, shi ne tsayin roba daga bakin janti zuwa inda take taka ƙasa. To 90 cikin ɗari na 90, milimita 81 ke nan. Amma 90 cikin ɗari na 110, milimita 99 ne. Ƙanena ya ga 90 a tsohuwa, ya ga 90 a sabuwa, ya ɗauka faɗi kaɗai ya ƙara. Ashe ya ƙara milimita 10 a kowane gefe, ya kuma ƙara 18 a tsayi ta kowace fuska, sama da gaba duka. Tsofaffin tayoyi masu rubutu irin 3.00-18 da inci suke magana, faɗin inci 3, wato wajen milimita 76, kuma tsayin robarsu kusan daidai yake da faɗinsu.

Amortisar da ya sa kuma, da aka auna daga ramin ƙusar sama zuwa na ƙasa, ta gaza tsohuwar da santimita 3. Haɗa da 18 ɗin can, kusan santimita 5 ya cinye daga sararin sama bai sani ba.

A cikin gari ba abin da ya faru. Shi kaɗai ne a kai, kwalta ce, yaro ne marar nauyi. Sai ranar wata Lahadi, ranar kasuwar Tawa, ya ɗauko kawunmu da buhun gero zai kai shi ƙauye ta hanyar Keita. Wanda ya san Adar ya san ƙasar duwatsu ce da kwazazzabai, da ka sauka daga kwalta ramuka ne ke karɓarka. Kawu ya ce tun daga rami na uku ya fara jin wani "shuu" ƙarƙashinsa, daga baya ƙauri ya taso. Da suka tsaya, sai ga wani layi a tsakiyar tayar, ya zagaye ta kaf, kamar an ja da wuƙa. Wayar fitilar baya ma ta tsinke tana lilo.

Washegari muka kai wa wani dattijon bakanike da muka saba da shi. Bai ma taɓa tayar ba. Ya zura hannu ƙarƙashin murfi, ya laluba, ya ce wa yaronsa ya kawo fitila. Ga ƙusar da ta riƙe allon lamba, tsininta ya leƙo ciki, ya yi fes yana ƙyalli saboda guga.

"Kai yaro, wa ya sa maka wagga taya?" in ji shi.

"Maigida, ai da aka sa na duba, hannuna duka shina shiga."

"Hannunka shina shiga da kawunka bisa? Da buhu?"

Ƙanena ya yi shiru. Dattijon ya sa aka ɗebo yumɓu, ya mulmula shi dunƙule-dunƙule kamar goro, ya manna a cikin murfin taya, ɗaya a kan ƙusar, ɗaya a tsakiya, ɗaya a cinyar gwafa, inda ƙafafunta biyu suka haɗu. Ya kira yaransa biyu mafi ƙiba suka hau baya, na uku ya danna ƙarfen kaya da ƙarfinsa har amortisa ta ƙure, aka tura babur ya ɗan gangara. Da aka duba, yumɓun kan ƙusa ya tafi gaba ɗaya, na tsakiya ya baje kamar waina. Ban taɓa ganin ma'aunin da ya fi wannan faɗin gaskiya ba, kuma ko dala ba ya ci. Masu son aiki na tsanaki sukan cire amortisa duka biyu, su sauke bayan babur a hankali har daidai tsawon da amortisar ke komawa idan ta ƙure, sannan su juya tayar da hannu su saurara. Hanya biyu, amsa ɗaya.

Taya tana faɗin wanda ya ci ta, idan ka iya karatun tabonta. Layi a tsakiya, daga sama ne ko daga cinyar gwafa. Gefen hagu ya yi sumul ko ya yi baƙin mai, sarƙa ce. Gefen dama, a duba sandar birki da salansa. Idan kuwa tabon bai zagaye tayar ba, wuri ɗaya kawai yake fitowa, to ba girman taya ba ne: janti ya karkace, ko wayoyinsa sun saki, ko tayar ba ta zauna daidai a bakin janti ba. Akwai kuma babur ɗin da ba a canja masa komai ba amma yana ci a kwana kaɗai. Wannan a kama tayar da hannu biyu a girgiza ta hagu da dama. In ta yi wasa, robobin gindin gwafa ne suka mutu ko boris ɗin da tayar ke juyawa a kansa.

Wani lokacin ma abin bai kai nan ba. Wanda ya ja sarƙa ya ɗaure gefe ɗaya fiye da ɗayan, tayar ta zauna a karkace. Akwai ƴan zane-zane a ƙarshen ƙafafun gwafa don wannan, a ƙirga su a ga sun yi daidai. Minti biyar ne aikin, amma na ga an sayi sabuwar taya saboda shi.

Da an gane matsalar sama ce, abin da mafi yawan yara ke fara yi shi ne murɗa zoben da ke gindin amortisa zuwa matakin ƙarshe don sifirin ya yi tauri. Yana taimakawa, ban musa ba, babur ba zai riƙa nitsewa da wuri ba. Amma bai ƙara ko milimita ɗaya a tazara ba. Inda amortisa ke ƙurewa yana nan inda yake, ramin da ya isa zai kai ta can, ƙusa kuma tana jira. Masu kabu-kabu da masu ɗaukar albasa wajen Galmi sun fi mu sanin wannan, shi ya sa su ba sa saukar da baya, ƙara amortisa ma suke yi, har ka ga huɗu a babur ɗaya.

Maganin sama na gaske shi ne a mayar da tsawon amortisa, ko a ɗaga murfin, ko a sa tayar da ba ta kai wancan tsayi ba. Ƙusoshi kuma a juya su, kan ya kasance ciki, tsinin waje. Wanda ya zaɓi doguwar amortisa fiye da ta asali shi ma ya sani bai tsira ba: sarƙa tana kai matuƙar taurinta ne lokacin da ƙaramin farantin sarƙa na gaba da gindin gwafa da sandar tsakiyar taya suka yi layi ɗaya, to idan bayan ya ɗagu sai an bar mata saki fiye da da, in ba haka ba za ta ɗaure da an hau. Jakin gefe ma zai gaza, babur ya riƙa kwantawa da yawa in an ajiye shi.

Idan a gaba take ci, a cinyar gwafa, akwai dabara mai sauƙi. Ana ja da tayar baya. In sarƙa ta hana, a ƙara mata gaɓa biyu. Sarƙa mai lamba 428, wadda ta fi yawa a irin waɗannan babura, tsakanin gaɓa da gaɓa rabin inci ne, milimita 12.7. Gaɓa biyu milimita 25.4 ke nan, amma da yake sarƙa tafiya da dawowa take yi, rabin haka tayar za ta matsa, wajen milimita 13. Sau da yawa ya isa. Sai dai a tuna sarƙa na miƙewa da amfani, a bar wurin da za a ja ta gobe, a kuma sake daidaita sandar birki.

Gefe shi ne mai wuyar sha'ani, kuma a nan ne ake ɓarna. Na ga wanda ya sa guduma ya lotsa ƙafar gwafa don taya ta wuce. Na ga wanda ya kai wa mai walda aka yanke aka ɗinke. Na ga wanda ya ƙara zoben ƙarfe a gefe ɗaya na sandar taya don ya ture ta daga sarƙa. Na ƙarshen nan ya fi kama da wayo, amma ya fitar da tayar baya daga layin ta gaba, farantin baya ma ya bar layin na gaba, sarƙa ta riƙa cin haƙora a karkace. Gwafa kuwa ita ke ɗauke da kai da iyalinka. Garin neman gira ne ake rasa ido a nan. A ganina in taya ta taɓa sarƙa alhali komai na zaune daidai, ba wata dabara, tayar ce ta yi wa babur ɗin yawa.

Akwai ma abin da masu son faffaɗar taya ba sa so a faɗa. Janti yana da nasa faɗin, an buga shi a jikinsa, irin 1.60 ko 1.85 ko 2.15, duk da inci. Ka matsa babbar taya a siririn janti, bakinta ya tsuke, bayanta ya yi tozo. Tsayi ya ƙaru fiye da lissafin da muka yi, inda take taka ƙasa kuma bai ƙaru yadda kake zato ba. Sannan taya biyu masu lamba ɗaya daga kamfani biyu ba lallai faɗinsu ya zo daidai ba, musamman masu manyan haƙora na shiga yashi, waɗanda haƙoran gefensu ke fitowa waje.

Ko an gyara, ba a barin tazara ƙiris. Taya na kumbura kaɗan idan tana gudu kuma ta yi zafi, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 kafin ma a taɓa kwalta. Da damina jar laka na manne mata ta ƙara mata kauri, ta cika murfi har tayar ta cije. Ma'aunin dattijon nan namu shi ne ƙaramin yatsa ya wuce a kowane gefe ba tare da an tura ba, a sama kuma yatsa biyu a kwance, bayan yaran nan masu ƙiba sun hau.

Babur ɗin ƙanena dai an mayar masa da tsohuwar amortisarsa, wadda Allah ya sa bai sayar ba. An juya ƙusar, an ɗaure wayar fitila ta bi gefe. Tayar 110 ɗin layin ya yi zurfi har zaren ciki ya fara nunawa, dattijo ya ce ba zai mayar da ita ba ko an biya shi. Suka yi ta ciniki, shi yana son faɗi, maigida yana son wuri, aka tsaya a 100/90-18, aka ja ta baya kaɗan, aka sake gwajin yumɓu ya fito da sauran kauri. Jajayen amortisar nan suna rataye a ɗakinsa har yanzu, yana neman mai saye.