Rana

Rana ita ce tauraruwar da ta fi kusa da duniyarmu, kuma ita duniya da sauran duniyoyi bakwai suke kewayawa. Dunƙulen iska ce mai tsananin zafi, babu ƙasa ko dutse a jikinta. Tsakaninmu da ita kimanin kilomita miliyan 150 ne, haskenta kuwa sai ya yi minti 8 da daƙiƙa 20 a hanya kafin ya iso. Wanda ya tsaya da sassafe yana kallon fitowarta ta bayan duwatsun Birni a Damagaram, hasken da ya baro ta minti takwas da suka wuce yake gani.

Suna

A Hausa kalma ɗaya ce ta ɗauki tauraruwar da yinin da take haskawa, har da lokacin da aka tsayar don biki, kamar yadda ake cewa rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Sassan yini ma da tafiyarta aka yanka su: hantsi, walaha, tsakar rana, azahar, la'asar, almuru.

Girma da ƙira

Faɗinta ya kusa kilomita miliyan 1.4, wato sai an jera duniya 109 kafin a kai daga wannan gefe zuwa wancan. Nauyinta ya ninka na duniya sau 333,000. Kusan kashi uku cikin huɗu na jikinta iskar haidirojin ce, yawancin saura hiliyam. Zafin fuskarta digiri 5,500 ne, na cibiyarta kuwa wajen miliyan 15. Masana suna ƙiyasta shekarunta da kimanin biliyan 4.6, suna kuma ganin ta kai kusan rabin rayuwarta.

Yadda aka san ta

Tun kafin a san me ke ci a cikinta an iya auna tafiyarta. Masanin taurari Al-Battani, wanda ya yi aikinsa a Raƙƙa ta ƙasar Siriya ya rasu a 929, ya lissafa shekarar rana kwana 365 da awa 5 da minti 46 da daƙiƙa 24. Kuskurensa bai wuce ƴan mintoci ba, kuma ba shi da madubin hangen nesa. A 1543 Kofanikus ya fitar da littafin da ya sa rana a tsakiya, duniya tana kewaya ta. Wajen 1610 Galileyo da wasu suka duba ta da madubi, suka ga baƙaƙen tabo suna tafiya a fuskarta, alamar ita ma tana juyawa.

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce ta makamashi. Da gawayi ne ke ci, da ta cinye cikin ƴan dubban shekaru. A 1868 aka ga wani layi a haskenta wanda bai dace da kowane sinadari da aka sani ba, aka sa masa suna hiliyam daga sunan rana a Girkanci, sai daga baya aka same shi a ƙasa. A 1925 wata ɗaliba, Cecilia Payne, ta nuna cewa yawancin jikin taurari haidirojin ne. Manyan fannin ba su yarda nan take ba, amma ita ce da gaskiya. Hans Bethe ya warware sauran a 1939: matsi da zafin cibiya suna haɗe ƙwayoyin haidirojin su koma hiliyam, ɗan nauyin da ya ɓace a haɗuwar ya zama haske da zafi. Kowace daƙiƙa kimanin tan miliyan 4 ke komawa makamashi ta wannan hanya.

Rana a sararin Damagaram

Mutane da yawa suna zaton zafin bazara daga matsowar rana yake. A gaskiya duniya ta fi kusa da ita a farkon Janairu, lokacin da ake jin ɗari a Zinder, wato Damagaram, ta fi nisa a farkon Yuli. Abin da ke juya shekara shi ne karkatar duniya da digiri 23.4, wadda ke sa hasken ya sauka a tsaye a wani lokaci, a karkace a wani.

Zinder tana kusan digiri 14 arewa da layin tsakiyar duniya, don haka rana tana bi ta tsakar kanta sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. A irin wannan rana, da tsaka, turmin da ke tsakar gida inuwarsa tana shigewa ƙarƙashinsa, haske kuma yana sauka har cikin rijiya. Tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran shekara arewa. Tsofaffin ladanai sun san wannan da ido, domin da inuwa ake gane zawali, kuma la'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali. Wannan ilimi ne na gaske, kuma abin takaici ne agogon waya yana sa ana mantawa da shi.

Afrilu da Agusta tsayin rana ɗaya ne, amma zafinsu ya bambanta. A Afrilu sama fayau take, ƙasa a bushe, ma'auni yana wuce digiri 40. A Agusta gajimare ya tare wani kaso, wani kuma ya tafi wajen busar da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ita damina ma rana ce ke jawo ta: idan ta gasa Sahara, iska mai zafi ta tashi sama, sai iska mai laima daga tekun Gini ta biyo gurbinta zuwa arewa. Shi ya sa ruwa yake bin bayan rana da ƴan makonni, ya kankama wajen Yuni ko Yuli, ya ɗauke a Satumba, gero ya nuna cikin wannan ɗan tsakani. Da hunturu iska ta juyo daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Bodele ta Chadi, rana ta koma kamar farin faifai a cikin hazo.

Sau biyu a shekara, wajen 28 ga Mayu da 16 ga Yuli, rana tana tsayawa daidai kan Ka'aba, da misalin ƙarfe goma da ƴan mintoci na safe agogon Nijar. Duk wanda ya fuskance ta a lokacin ya fuskanci alƙibla.

Husufi

Husufin rana yana faruwa idan wata ya shiga tsakaninta da duniya. Rana ta fi wata faɗi sau 400, ta kuma fi shi nisa kusan sau 400, shi ya sa yake iya rufe ta daidai. Hadisi ya tabbatar da cewa an yi husufi ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu, ya kuma bayyana cewa rana da wata ayoyi ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Masu lissafi suna danganta shi da Janairun 632. A 29 ga Maris 2006 cikakken husufi ya ratsa Nijar daga wajen iyakar Katsina, ya nufi Sahara zuwa Chadi da Libiya. Kallon husufi da ido tsirara yana ƙona ido.

Tabo da guguwa

Tabon rana wurare ne da ƙarfin maganaɗisu ya rage musu zafi. Heinrich Schwabe ya nuna a 1843 cewa yawansu yana hawa da sauka, daga baya aka tabbatar kusan duk shekara 11 ne. Wani lokaci rana tana watso guguwar ƙwayoyi: ta 1859 ta rikita wayar tangarahu, ta Maris 1989 ta ɗauke wuta a Kebek ta Kanada. An yi ƙoƙarin danganta farin Sahel na 1973 da 1984 da tabon rana, amma yawancin masu bincike sun fi karkata ga canjin zafin teku.

Wutar rana

Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, yana cikin waɗanda suka fara binciken makamashin rana a Afirka, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. An buɗe tashar sola ta Malbaza a Nijar a 2018. A Zinder farantan sola suna jan ruwan rijiyar burtsatse, suna kuma cajin waya.